An Ji, Amma Ba Za a Yi Ba

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

"Ke za ki rubuta, Malama Lauratu, wa kuma muke da shi? Ki yaba mata sosai daga sama. Shekarunta, haƙurinta, duk ki zuba. In kin gama sai ki sa kalmar nan taki."

Na ce, "Wacce, ranka ya daɗe?"

"Wadda kika sa a takardar direba bara. Bi dat..." Ya kaɗa hannu yana laluben sauran.

"Be that as it may."

"Yawwa, ita! Tana da nauyi."

Da haka Alhaji Ashiru, shugaban ofishinmu na nan Karaye, ya naɗa ni sakatariyar kwamitin da zai binciki Malama Tasalla. Kwamitin bai ko zauna ba, amma an riga an zaɓa masa inda zai yi kwana.

Bari in ajiye yadda abin ya faru a nan, tunda a rahoto ba haka zai fito ba. Gidauniyarmu tana da ƙananan makarantun 'yan mata guda tara a ƙauyukan Karaye da Rogo. Masu ɗaukar nauyinsu ba sa jin Hausa, shi ya sa duk takardar da ke da muhimmanci sai ta bi ta hannuna. Ranar Alhamis da ta wuce suka turo baƙi biyu. Alhaji ya kai su makarantar Unguwar Ɗanmaliki, can wajen Falgore, don ita ce abin nunawarmu. Suka isa ƙarfe tara da rabi na safe, suka tarar da azuzuwa a kulle, akuya tana tuƙa a baranda. Ɗaya daga cikin baƙin ta ɗauki hoton akuyar.

Ni ranar ina Kano wajen biki. Ni dai sakatariya ce.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

An turo hoton daga hedikwata. Akuyar ta fito da kyau.

Laraba, 16 ga Oktoba, da azahar

Tunda kalmar ta zama tawa a bakin ofis, gara in faɗi abin da na sani game da ita.

A jami'a na tsince ta, a bakin wani malaminmu da ba ya taɓa cewa ɗalibi ya yi kuskure. Sai ya bari ka gama zuba, ya gyaɗa kai, ya ce "be that as it may," sannan ya rushe ka tun daga tushe. Na fita daga ajinsa da darasi guda: wannan magana ba ta yin musu da kowa. Ba ta cewa ƙarya kake yi. Cewa take yi, to, mu ƙaddara haka ɗin ne, sai kuma me?

Ba a buɗe wasiƙa da ita, domin sai an fara ajiye mata abin da za ta tsallake. Takan zo a farkon jumla, a sa mata waƙafi, mai karatu ya ɗan numfasa, daga nan duk abin da ya biyo baya shi ne hukunci. Mu a Hausa "duk da haka" muke cewa, ko "koma dai yaya ne". Amma namu ana faɗarsu a tsakar gida, har yaro yana iya mayar maka da amsa. Ita kuwa ta Turancin tana zuwa da babbar riga, ba a yi mata gardama a tsaye.

A takardar direba haka na jera: ya yi shekara shida bai taɓa haɗari ba, yana da iyali, ya nemi afuwa. Sai ita. Sai sallama. Alhaji ya karanta har sau biyu ya ce an rubuta da tausayi.

Jiya da nake ba maigidana Baban Kausar labari muna cin tuwo, ya ajiye cokali ya ce, "Miyar nan ta yi daɗi, Laure, daddawa ta ji. Be that as it may, babu nama."

Na ce masa ya yi amfani da ita daidai, kuma gobe ma babu.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Kwamiti ya zauna. Mu uku ne: Alhaji, da Malam Mu'az mai kula da makarantun ɓangaren Rogo, da ni da biro.

Malama Tasalla ta iso a bayan babur, mayafinta duk ya yi jar ƙasa. Ta haura hamsin, ita ta buɗe makarantar nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a zauren mai unguwa, da allo ɗaya. Ta gaishe da Alhaji har ƙasa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙafarsa da ke ciwo. Sai da aka ci minti goma kafin a zo kan magana.

"Malama, ina yara suke ranar Alhamis?"

"Suna gona, ranka ya daɗe. Ana cirar gyaɗa."

"Ke kuma fa?"

"Ina gida ina shirin darasi. Yanzu bayan azahar muke shiga, mu tashi kafin magariba. Sati huɗu ne kawai, da an gama kaka za mu koma safe."

Ta yi bayani a natse. Da kaka kowane gida yana fita tsinkar gyaɗa da sassafe. In manya sun gama, 'yan mata ke bin bayansu suna roro, kuma duk abin da yarinya ta tsinto a ƙasa nata ne, ba mai taɓa shi, ko ubanta. Da shi take yin takalmi da sabulu na shekara. A da, in aka ce ko makaranta ko roro, roro suke zaɓa, kuma wadda ta yi wata guda ba ta zuwa, kunyar dawowa take ji. Kowace kaka sai ta rasa goma, wani lokacin sha biyar. Bana ba ta rasa ko ɗaya ba. Ta ajiye rajista a kan tebur. Malam Mu'az ya duba, ya ce gaskiya ne.

Alhaji ya ce, "Madalla. Wa ya ba ki izinin canza lokaci?"

Na tsayar da biro.

Ta ce, "Ni na ga ya dace."

"Ba wanda kika gaya wa a ofis ɗin nan?"

"Ni na ga ya dace, ranka ya daɗe."

Na rubuta kamar yadda ta faɗa. Aikina ke nan.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da hantsi

Jiya Malama Tasalla ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan magariba

Mun je ganin ido, ni da Malam Mu'az. Hanyar daga Rogo zuwa can ruwan bana ya cinye ta, sai da muka sauka daga mota sau biyu. Gefe da gefe an tara harawa, mata da yara sun duƙa a gonaki.

Ƙarfe biyu da rabi azuzuwa suka cika. Wasu ko hannu ba su gama wankewa ba, ƙasa a farcensu. Na ƙirga ajin farko da kaina, duk sun zo, har da ɗaya da ba ta cikin rajista, ƙanwar wata ce ta biyo ta.

Mai unguwa Ilu ya zo da kansa, da sandarsa da mutum biyu a baya. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, an ce akuyata ta je ƙasar waje."

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, hotonta ne ya je."

"To ku gaya musu tana gaishe su. Ku kuma gaya musu in suka ɗauke mana Tasalla, ba akuya ɗaya za su riƙa tararwa ba, garke za mu zuba, don ba wanda zai turo 'yarsa."

Malam Mu'az ya yi dariya, sannan ya tuna shi ɗan kwamiti ne, ya mayar da ita tari.

Da za mu tafi Malama Tasalla ta ja ni ofishinta, wanda rabinsa sito ne. Ta zuba min dafaffiyar gyaɗa a leda. Ta ce, "Laure, direbanku na bara ɗan ƙanwar maƙwabciyata ne. Ya ce akwai wata kalma da kuke sawa a takarda, in mutum ya gan ta ya fara haɗa kayansa. Me take nufi?"

Na fassara mata yadda na iya. Na ce tana nufin an yarda da duk abin da aka faɗa a baya, ba a ƙaryata ba, sai dai ba zai canza abin da ke tafe ba.

Ta ce, "Wato an ji, amma ba za a yi ba."

Shekara huɗu na yi a jami'a ban samu fassarar da ta kai wannan ba.

Na ce, "Malama, maganar ranar nan..."

"Wace rana? Ci gyaɗarki, 'yata, tun da zafinta."

Laraba, 23 ga Oktoba, da azahar

Na rubuta rahoton. Ba yabon kai ba, ya yi kyau. Sakin layi uku na yabo, kowanne da hujjarsa: shekaru goma sha ɗaya, rajista cike, shaidar mai unguwa. Sai kalmar ta zauna a farkon na huɗu kamar don ita aka gina wurin. Bayanta layi biyu kacal: ta canza lokacin karatu ba da izini ba, kwamiti yana ba da shawarar a sauke ta daga shugabanci a kawo wata.

Alhaji ya sa na karanta masa a bayyane. Da na zo wurin ya lumshe ido kamar mai jin waƙa. Ya ce ranar Litinin za mu sa hannu.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Ni dai sakatariya ce. Na taɓa rubuta wannan a littafin nan, na duba. Yanzu sau biyu ke nan.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

To.

Ranar goma ga Satumba ne, Talata. Malama Tasalla ta zo karɓar alli da rajista. Alhaji yana Kano. Ta tsayar da ni a baranda, kusa da randar ruwa, ta faɗa min duk abin da ta faɗa wa kwamiti, har da roro. Ta ce ko ta rubuto a takarda? Na ce, "Haba Malama, wace takarda? Ki yi abinki, ni zan gaya wa Alhaji."

Ban manta ba. Da mantuwa ce da na ji sauƙi. Na san in na gaya masa zai ce a rubuta wa hedikwata, hedikwata ta ce a rubuta wa masu ba da tallafi, amsa ta iso bayan an gama cin gyaɗar. Na kuma lissafa cewa ba mai bin hanyar Falgore a wannan lokaci. Dabara ce mai kyau, kuma irinta ce ke tafiyar da ofis ɗin nan tun kafin in zo. Komai da baki ake yi. Takarda ba ta fitowa sai ranar da ake neman wanda za a kama, ranar kuwa wanda ya yi magana da baki ba ya cikinta.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da yamma

Na gaya wa Baban Kausar. Yana gyaran fanka a tsakar gida, bai ɗago ba sai da na kai ƙarshe.

Ya ce, "Ita ta roƙe ki ki yi shiru?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ai shi ne ya fi tsada."

Na ce masa in na buɗe baki aikina na iya tafiya, kuma ba kowace rana ake samun irinsa a Karaye ba. Na ce niyyata mai kyau ce, shawarar ma mai kyau ce, yara sun amfana, ba wanda na cuta da gangan. Na jera su tsaf. Ya tsaya da sukundireba a hannu yana kallona.

Na ce, "Kada ka kuskura ka faɗe ta."

Ya ce, "Ni ban ce komai ba. Ke ce kika tsaya daidai inda ake sa waƙafi."

Fankar har yanzu ba ta juyawa.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga wajen Alhaji kafin Malam Mu'az ya iso. Na gaishe shi, na tambayi ƙafa, sannan na faɗa masa komai, da ranar da wurin.

Bai ko ajiye kofin shayinsa ba. Ya ce, "Na sani."

Ashe mai shara ta ji mu ranar, kuma duk abin da ta ji a baranda, yana isa ofishin Alhaji kafin ƙura ta kwanta. Tun makon farko ya sani.

"Shi ya sa na ba ki rubutun, Malama Lauratu. Na rufa miki asiri ne. Mutanen nan hoto suka gani, suna son su ji an yi wani abu. Tasalla in an sauke ta za ta ci gaba da koyarwa a wata makarantar, ba korar ta za a yi ba. Ke kuwa in kika tafi, wa zai yi musu Turanci? Mu'az?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, makarantar ita ce Tasalla. Mai unguwa ya faɗa a gaban Malam Mu'az."

"Mai unguwa kullum yana faɗa."

"Ba zan sa hannu a wannan ba."

"Ke kika rubuta shi!"

"Ni na rubuta. Ya kuma yi kyau. Amma akwai ƙarya a layi na biyu daga ƙarshe."

Na gaya masa zan rubuta nawa bayanin da sunana, in aika hedikwata tare da rahoton, kuma zan kawo masa ya gani kafin ya tafi. Ban so ya ce na zagaye shi. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya ƙi karɓar kyauta a gaban jama'a.

Ya ce, "Karatu ya yi miki yawa."

Na ce, "Allah ya ƙara girma."

Talata, 29 ga Oktoba, da azahar

Shafi ɗaya ya isa. Na faɗi abin da ta tambaya, abin da na amsa, da dalilin da ya sa ban kai maganar gaba ba. Na haɗa da rajistar bara da ta bana. Sau biyu hannuna ya tafi zai jero uzurina daga sama, irin jerin da na saba yi wa mutane kafin a kayar da su. Na goge. Ban taɓa rubuta Turanci mara ado irin wannan ba, kamar ɗaki bayan an kwashe kaya.

Alhaji ya karanta a tsaye, ya miƙo min. Na aika ƙarfe ɗaya saura kwata.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da safe

Ba wanda ya ƙi gaishe ni. Gaisuwar ce dai ta gajarce, ba a kaiwa ga tambayar yara.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Malama Tasalla ta kira. Malam Mu'az ne ya gaya mata.

"Laure, wa ya aike ki?"

"Ni na ga ya dace, Malama."

Ta yi tsaki, irin na uwa. "Ni na tsufa, ko ina aka kai ni zan ci tuwo. Ke da ƙananan yara. Kin san abin da na sha kafin in riƙe bakina a gaban Alhaji? Kin zubar min da wahala a banza."

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba ta haƙura ba, kuma in turo a karɓar wa Kausar gyaɗa kafin ta ƙare.

Talata, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Shiru daga hedikwata a Kano. Na jera fayil-fayil na shekara bakwai bisa tsari, ban san dalili ba. Na sani.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Amsa ta zo, takarda biyu.

Ta farko: Malama Tasalla za ta ci gaba da riƙe makarantarta. An ja mata kunne kan rashin rubutowa. An kuma ce ofis ya duba ko sauran makarantun takwas za su bi tsarinta baɗi. Alhaji ya riga ya fara cewa dama tunaninsa ke nan tun da daɗewa.

Ta biyu tawa ce. Dakatarwa ta wata uku, daga nan a duba. Layi huɗu ce. Na karanta ta da idon sana'a, na ga ba a yaba min da komai ba daga sama, kai tsaye aka shiga. Shekara bakwai, ko sakin layi ɗaya ba a ga ya kamata a ɓata ba. Ban zaci wannan ne zai fi yi min ciwo ba, amma shi ne.

Na kai wa Alhaji makullin durowa da na kabad. Ya ce in zauna, na ce a tsaye ma ya isa. Ya jujjuya makullan a tafin hannunsa.

"Wata uku ba yawa. In kin kwantar da kai zan yi magana."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Rahoton ƙarshen shekara fa? Sati biyu ya rage. Ko a gida ne ki ɗan duba mana, ba sai kowa ya sani ba. Tsakanina da ke."

Na ce, "A rubuto min a takarda."

Ya ajiye makullan a kan tebur. Daga baranda na ji Malam Mu'az yana tambayar mai shara ko ta ga ƙamus ɗin ofis.

Na yi wa Alhaji addu'ar samun sauƙin ƙafa, ya amsa a ciki. Ƙofar ofishinsa ba ta kamawa sai an ɗaga ta kaɗan an ja da ƙarfi, kowa yakan bar ta a sakaye. Na ɗaga ta, na ja har sai da ta ce ƙwas, na rataya jakata na sauka zuwa titi.